Tsakin Gwangwani

Ni ne mai riƙe da doguwar sanda,
mai soso a ka,
ba a ganina a fim.
Ko inuwata ta leƙo, Nanret za ta ce: a sake.

Kwana goma sha tara muka yi a Jos,
kuɗin ya ƙare a na bakwai.
Ta sayar da keken ɗinkin gyatumarta,
muka sayi batir da fenti da buhun dankali,
muka ci gaba.

Kowa ya zo da ido, ni kunne na kawo.
Kafin launi ya fito
sai ƙwallon cikin gwangwani ya yi gyaran murya:
kas, kas, kas,
sannan tsaki,
dogon tsaki irin na wanda aka hana magana.

Bangon yana bayan tashar jirgin da ya daina zuwa.
Ta nan kiran salla, ta can ƙararrawa,
a jikinsa baƙin hayaƙi
na shekarar da ba ma son ambato.

Tanimu faci yake yi a bakin titin Bauchi.
Davou ɗan keke ne, bashin mai keken na wuyansa.
Kaneng tana soya ƙwai a shagon yayarta.
Babu ɗan wasa a cikinsu.
A takarda an rubuta: su yi gardama kan launi.
Sai gardamar ta zama gaske.
Davou ya ce ja.
Tanimu ya ce, wannan bango ya sha ja ya ƙoshi.

Shiru ya sauko.
Na naɗe shi, daƙiƙa arba'in cif,
da haƙoran Kaneng a ciki suna kaɗawa don sanyi,
da haushin wani kare can wajen Gangare.
Nanret ba ta ce a yanke ba.

Shuɗi suka ɗauka.
Mace ce ta fito, mai wankin kuza,
kwano a ka, ruwa iya gwiwa,
fuskar ta kakar Kaneng,
hannuwan na innar Tanimu, har da lallen.

Dare na sha biyu maigadi ya ɓullo,
Baba Mati, da gora da tocila, shi ma ba ya cikin takarda.
Wa ya ba ku izini?
Ya haska sama, ya daɗe.
Ya ce, hancin ya karkace.
Na san irinsu a Bukuru, ba sa sunkuyar da kai haka.
Ya jingine gora, ya riƙe musu tsani.

Mako uku ta yi a tsaye.
Aka zo da farar ƙasa, bokiti huɗu,
aka bi da fastocin masu neman ƙuri'a,
kowanne da murmushin da ya fi bakinsa faɗi.

Ran da fim ya kammala ba mu da kuɗin zaure.
Muka ɓare fastocin da farce,
muka aro janareta,
benci daga can, tabarmi daga nan,
muka harba haske a kan farin bangon.
Sai ga ta ta dawo,
bulo bisa bulo, daidai inda take,
hancin a miƙe.
Wata tsohuwa ta ce, sannu da aiki.
Ban san da wa take ba.

Saura minti shida man ya ƙare.
Duhu. Ba wanda ya tashi.
Na cire abin kunne, na rataya a wuya,
ina jin tari, da kukan jariri, da masu tsinewa janareta.

Can baya, wajen ƙarfen dogo,
kas, kas, kas.

Na duba na'urata.
A kashe take.